Ruwan Kwamin Babana

Wata ranar kasuwar Damri, a shekarar da aka fara yankan shinkafar rani da ruwan dam ɗin Bakolori, ina 'yar shekara tara, na ga laujen babana ya karye a hannun mai saye. Ba wani aikin ƙarfi mutumin ya sa shi ba, ƙwanƙwasa shi kawai ya yi a jikin dirkar rumfa don ya ji amonsa, sai ya rabe biyu. Ya ɗauki wani, shi ma haka. "Maƙeri, yau kwalba kaƙ ƙera muna?" in ji shi, mutane suka kwashe da dariya. Baba ya tattara kayansa a buhu, muka kamo hanyar Bakura tun rana ba ta yi tsaka ba.

Baba maƙeri ne ɗan maƙeri. A shekarun nan ya samu ƙarfen sifirin manyan motocin da ke aikin dam, yana ƙera lauje da shi, manoma suna rububi. A gefen maƙerarsa akwai wani kwamin itace da yake tsoma ƙarfe idan ya yi ja. Ruwan ciki baƙi ne wuluk, ga toka, ga maiƙo yana yawo a sama, kullum da ɗumi saboda yawan tsomi. Ni kuwa ƙazanta ce abokiyar gabata tun ina ƙarama, har Inna tana ce mini sarkin share-share. Kwana biyu kafin kasuwar, Baba ya tafi jana'iza Maradun, sai na ce bari in burge shi. Na kifar da ruwan, na goge kwamin da soso, na cika shi da ruwan randa mai sanyin kashe haƙori. Da ya dawo yana sauri, ya ɗauka wani ne ya ƙara masa ruwa kamar yadda aka saba, ga duhun rumfa, bai duba ba, ya tsoma laujunan kasuwar a ciki.

Bayan abin da ya faru a kasuwa, Baba ya daina hura wuta. Zugazugin ya yi ƙura, kaji suka koma kwanciya a gindin uwar maƙera. Na ji yana gaya wa Inna idonsa ya daina gane launin ƙarfe, gara ya bar sana'ar tun bai ƙara kunyata sunan ubansa ba. Ban san ruwa yana karya ƙarfe ba, amma jikina ya ba ni cewa ni ce. Kwana goma sha ɗaya ina ɗauke da maganar, ko gaɗa na kasa fita, tuwo ma sai in tsakura in ture.

Ranar da na faɗa, yana zaune yana gyaran igiyar guga. Na durƙusa, kuka ya riga maganar fita. Ya ci gaba da gyaran igiyar har na zaci bai ji ba. Can sai ya yi dariya, idonsa taf da hawaye. Sunan mahaifiyarsa gare ni, don haka bai taɓa kiran sunana ba. "Uwata, ashe ba ni na tsuhwa ba?" Ya zaunar da ni ya ce wannan ƙarfen ba ya son a firgita shi, ruwan sanyi yana kama shi farat ɗaya, sai ya yi tauri ya rasa haƙuri. Da asuba na ji ƙarar masaba.

Yau ina koyar da ilimin ƙarafa. Nakan gaya wa ɗalibaina akwai gaurayen ƙarfen da ake narkarwa a watsa kan tagulla mai sanyi tana juyawa, ya sandare kafin ƙiftawar ido, ƙwayoyinsa ba su samu damar jeruwa ba, cikinsa ya zama irin na gilashi. A can gaggawar ake nema, an ɗan yi jinkiri an rasa shi. Muna da na'urar auna saurin hucewa, Baba kuwa gwiwar hannu yake tsomawa ya ji.

Ya daɗe kafin mutanen Damri su sake yarda da laujensa, wasu ma ba su dawo ba. Da kalma ɗaya zai iya wanke kansa. Har Allah ya karɓi ransa, bai gaya wa kowa cewa ni na zubar da ruwan ba.