Takalmin da Ya Sha Manja

Duk wanda ya zauna a layinmu na Yelwa ya san Baba Tobiya, ko da bai riƙe sunansa ba. Shi ne dattijon nan da ke tafiya ƙafa a ƙasa, takalmi rataye a kafaɗa. Katanga ɗaya ce ta raba mu, kuma tun ina gwauro nake tsokanarsa.

"Baba, takalmin ne ba shi da lafiya ka goya shi?"

"Hambali, ƙafa kyauta aka ba ni. Wannan kuwa saye na yi."

Manomin doya ne. Gonarsa tana can bayan Iware, mota ta sauke shi bakin titi, sauran ya taka. Da doyar nan ya aurar da 'yarsa Godiya, da ita ya karantar da ɗansa Noah har ya samu ofis mai fanka.

Bara waccan diddigensa na dama ya yi masa tawaye. Da asuba in ya sauko daga gado, ta katanga nake jin "Wayyo Yesu!" kamar ya taka ƙusa. Har na daina jiran ladan, da ihun Baba nake tashi sallah. Matarsa Jemima ta gasa masa da ruwan zafi, ta mulka man kaɗanya, aka kai shi wurin mai ɗori, duk a banza.

Sai Noah ya zo ya yanke magana: in ruwan farko ya sauka ƙafar ba ta warke ba, zai ba wani hayar gonar, Baba ya zauna gida ya riƙa jin rediyo. Ranar ko tsokanarsa ban iya yi ba, don tuwonsa haka aka ɗauke shi bai taɓa ba.

Godiya ta kai shi wurin likitan ƙashi. Aka ɗauki hoto, likita ya ce jijiyar tafin ƙafar ce ta gaji ta kumbura, ba sai an yi aiki ba. Ya koya masa ya dafa bango ya miƙar da ƙafar baya, safe da yamma. Ya ce a nemo takalmi mai taushin diddige, kada ya sake taka ƙasa babu shi, ko fitsari zai fita. In hakan bai yi ba, sai allura a diddigen.

Dafa bango kam ya riƙe shi da gaske. Ni dai nakan leƙo in ce, "Baba, tura a hankali, rabin katangar tawa ce."

Takalmin ne matsalar. Godiya ta sayo fari tas, kamar na 'yan ƙwallo. Baba ya naɗe shi a leda ya ɗora kan akwati. Ranar Lahadi ya rataya shi, sai a ƙofar coci ya saka.

Da lokacin komawa asibiti ya yi, a keke-napep ɗina na kai shi da Jemima. A bakin get ya karkaɗe ƙafa ya saka takalmin, yana ɗingishi. Likita ya karɓi takalmin ya juya ƙasansa.

"Baba, wannan ya taɓa ganin Iware kuwa?"

"Haba likita! Mai kyau haka?"

Jemima ta dubi takalmin ta gyaɗa kai.

Washegari na ji ihu, amma ba irin na asuba ba. Na leƙa. Ga Jemima da kwalbar manja, ga takalmi ya yi jawur.

"Kuɓuce mini ta yi, Baban Godiya."

Na ce, "Mama, har ƙafa biyu, ciki da waje?"

"Hambali, ka ji da tsakar gidanka."

Baba ya wanke, ya shanya, ya sake wankewa. Manja ya ce yana nan. A ƙarshe ya yi tsaki ya zura ƙafa.

"Wannan ba ya shiga coci kuma. Sai dai gona."

Da shi yake zuwa bayan gida, da shi yake ɗaure akuya. Sannu a hankali ihun asuba ya koma nishi, nishin ma ya ɗauke. Da ruwan farko ya sauka, Noah ya ɗauki mai son hayar suka je duba gona, suka tarar da Baba tsakiyar kunyoyi da jan takalminsa. Ya ce su matsa, suna taka masa iri.

Kirsimetin da ya wuce Godiya ta aiko da sabo, shi ma fari. Jemima ta ɗauko kwalbar manja ta ajiye kusa da shi, ta ci gaba da tsinkar alayyafonta. Baba ya dubi kwalbar, ya dube ta, ya saka takalmin nan take.

Ni kaɗai na yi asara. Yanzu kullum sai na makara sallar asuba.