Fim Ɗin Da Aka Ce Mini Mai Tsafta Ne

A unguwarmu nan Daura an san ni da tace fim kamar yadda ake tace gasara. Tambayoyina uku ne kafin in yarda a kunna wa 'ya'yana komai: akwai rawa, akwai shigar banza, akwai ashar? In aka ce babu, shi ke nan, a sa. Har matan Islamiyyarmu suka laƙaba mini Malama, alhali sakandare kawai na gama aka yi mini aure. Sukan ce, wanda Malama ta kalla kowa ma ya kalla. Ba zan ɓoye ba, maganar tana yi mini daɗi.

Maƙwabciyata, wadda katanga ɗaya ta raba mu, ita ce mai samo sababbi, don mijinta yana da shagon tura fina-finai a waya kusa da tasha. Wata safiya ina shanya ta leƙo ta kan katanga da filas ɗin fim a hannu.

"Malama, na samo miki wanda ko liman zai kalla."

"Akwai rawa?"

"Ko ƙafa ba a ɗaga ba."

"Matan fa?"

"Hijabi har ƙasa, kamar masu tafiya tahajjud."

"Ashar?"

"Haba, ke dai! Har wa'azi ake yi a ƙarshe. Sai dai ki ajiye ruwa kusa, don dariya za ta shaƙe ki. Jiya sai da cikina ya ƙulle."

Na karɓa na yi godiya. Ban tambayi abin da ake yi wa dariyar ba.

Ranar kuwa ranar kasuwa ce, ranar zuwan Yayana. A wani ƙauye wajen Mai'adua yake, yana sayen awaki da tumaki yana sayarwa, kuma duk ranar kasuwa in ya tashi daga kara sai ya biyo ta gidana a kan babur ɗinsa. Yakan zo wa 'ya'yana mata uku da dabino, wani lokaci da cuku in ya leƙa Kwangwalam. Ya ci abinci, ya yi la'asar, ya ba su labari, sannan ya kama hanya.

Yaya yana da in'ina tun yana yaro. Ba irin mai sauƙin nan ba ce. Kalma takan tsaya masa har ya runtse ido, jijiyar wuyansa ta tashi. A gidanmu, mahaifiyarmu, Allah Ya jiƙanta, ta kafa doka: babu mai ƙarasa masa magana, babu mai kau da kai, a jira shi. Ko tuwo yana ƙonewa a murhu takan tsaya da muciya a hannu sai ya kai aya. A waje ba ya yawan magana, ko a kara da yatsu da kaɗa kai yake yanka rabin cinikinsa. Amma a falona yakan sake, ya yi ta ba yara labarin akuyar da ta gudu daga hannun mai saye ta koma gida sau uku, su kuma suna jiransa kamar yadda na koya musu. In ya ja mu salla kuwa karatunsa ko gargada babu, sai ka rantse wani mutum ne daban.

Bayan la'asar aka kawo wuta. Na ce, "Yaya, kada ka yi saurin tafiya, yau ni zan ba ka dariya." Na sa filas ɗin a talabijin, na koma kicin ina dama masa fura. Ina jin yara suna ta ƙyalƙyala dariya, ina murna a raina.

Da na shigo da kwanon fura sai na ga abin da ake nunawa. Wani maigadi ne aka sa shi yana in'ina. Gobara ta tashi a gidan maigidansa, ya ruga ya faɗa, kalmar ta ƙi fita. Masu fim ɗin, Allah Ya shirye su, sai suka ɗora sautin babur da ya ƙi tashi a kan muryarsa. Ana nan wani ya zo ya dake shi a gadon baya wai don maganar ta faɗo, jama'ar wurin suna ta riƙe ciki. Kafin ya ce wuta, gida ya cinye.

Yaya yana zaune a kan darduma, ya zuba wa talabijin ido, hannuwansa a kan gwiwa. Fuskarsa ba ta nuna komai ba.

Abin kashewa yana kan kujera, taku biyu tsakanina da shi. Ban ɗauka ba. Na ce a raina, in na kashe na nuna shi ke nan da yatsa, na ce wa yara ga irin kawunku. Gara in yi kamar ban gani ba, wataƙila wurin ya wuce. Bai wuce ba. Fim ɗin gaba ɗaya a kan maigadin nan aka gina shi.

Sai autata, mai shekara shida, ta miƙe ta runtse ido, ta kumbura wuya, ta kwaikwayi maigadin. Ta juya tana dariya ta ce, "Kawu, irin naka ne!" Yayyenta suka daina dariya. Yaya ya yi mata murmushi, ya sha fura kurɓi biyu, ya sa hularsa. Ya ɗaga mini hannu daga bakin ƙofa. Na ji ya tashi babur.

Na kashe talabijin bayan kashewar ba ta da sauran amfani. Na fita na buga wa maƙwabciyata katanga.

"Wannan ne fim mai tsafta?"

"Kin ga cinya a ciki? Kin ji ashar?"

"Na ga an mai da halittar Allah abin wasa."

"To, Malama, wasa ne fa. Shi ɗan fim ɗin lafiyarsa ƙalau, yi yake yi. Kuma ba ki kai ƙarshe ba, an yi nasiha a kan riƙon amana."

Wato a yi awa biyu ana tattaka mutum, a zo a yayyafa nasihar minti biyu a kai, a ce fim ya faɗakar! Wane ne ya zauna ya rubuta wannan? Shi ba shi da ɗan'uwa? Mutum nawa suka tsaya a wurin ɗauka, har da mai neman sautin babur, ba a sami ɗaya da ya ce a ji tsoron Allah ba? Yau mai in'ina, gobe kurma, jibi gurgu ko mutumin ƙauye da ya shigo birni. Mu kuma mu zauna da hijabanmu mu ce ai matan ciki sun rufe jikinsu. An karantar da mu a Islamiyya cewa izgili haramun ne, an gaya mana cikin Annabawa ma akwai wanda ya roƙi Ubangiji Ya warware masa ƙullin harshe. Mun haddace, mun ci jarrabawa, amma babu wadda ta taɓa sa shi cikin tambayoyin tace fim. Ni ce ta farko a wannan laifin, tunda ni ake kira Malama.

Ranar kasuwa ta zagayo, Yaya bai zo ba. Ta sake zagayowa, shiru. Ba mutumin waya ba ne, saboda waya ba ta da haƙurin jira. Furar da na dama masa sau biyu yara suka shanye. Maigidana ya ce, "Ke ce ƙarama, ke za ki je."

Na ɗauki auta muka hau motar Mai'adua, daga can muka hau babur zuwa ƙauyen. A hanya na gaya mata dokar kakarta, da yadda take tsayawa da muciya a hannu. Muka tarar da shi yana zuba wa tumaki harawa. Matarsa ta shimfiɗa mana tabarma a inuwar darbejiya. Bayan gaisuwa auta ta durƙusa ta ce, "Kawu, ka yi haƙuri."

Ya buɗe baki zai amsa, kalmar ta tsaya. Ya runtse ido. Kalmar ta daɗe a tsaye, har wata tunkiya ta yi kuka ta gama. Auta ba ta motsa ba, idonta yana kansa. Daga ƙarshe ya ce babu komai, ita yarinya ce, abin da aka nuna mata ta yi. Ya tura ta ta je ta ga 'yan raguna.

Sannan ya juyo gare ni. A hankali ya faɗa, yana tsayawa yana ci gaba, ni kuma na jira kowace kalma.

"Irin wannan na saba, har a kara ana yi mini. Ke nake jira ki kashe. Da Inna ce, da ta kashe tun kafin ta ajiye kwanon furar."

Ban kawo masa uzurin kunya ba, don na ji yadda zai fito a bakina. Na ce, "Na yi kuskure, Yaya. Ka yafe mini." Ya ce Allah Ya yafe mana baki ɗaya.

Ranar kasuwa ta gaba na ji babur ɗinsa a ƙofar gida. Ya zo da dabino, ya ci abinci, ya yi la'asar. Bai ba da labari ba, yaran ma ba su roƙa ba. Sai a zuwansa na uku auta ta matsa kusa da shi ta ce ita ta manta yadda akuyar nan ta ƙare. Ya dube ta, ya dube ni, ya gyara zama.

Yana cikin labarin maƙwabciyata ta leƙo ta kan katanga, tana ɗaga filas.

"Malama, an saki na biyu! Maigadin nan ya je neman aure, wallahi ya fi na farko."

Na ce, "Riƙe abinki, baiwar Allah. Kuma ki rage murya, Yayana yana magana."