Bel ɗin da Ɗanlarai Bai Sata Ba

Ɗanlarai mutumin Zungur ne. Ya shigo Bauchi yana ɗan shekara ashirin da biyu da lasin tuƙi a aljihu, ya sami aikin direba a gidan Alhaji Hammawa, wani babban ma'aikacin gwamnati, kuma bai sake neman wani aiki ba har shekara ashirin da bakwai. Bai gina gida ba, haya yake yi a Ƙofar Dumi da matarsa Kubura da 'ya'ya huɗu. Gonar gado ma ƙannensa ke nomawa. Abu ɗaya ya tara a duniya, shi ne suna. Duk unguwar an san ko allura ka manta a motar da Ɗanlarai ke ja, za ta biyo ka har gida. Da wannan yake taƙama, har wani lokaci abin ya yi yawa.

Shi kuwa Alhaji Hammawa, Allah ya yi shi da zargi. Akwai wata tsohuwar mota da ya zo da ita daga Amurka lokacin da ya je karatu, ya sayi wasu bayanta, amma ita ce 'yar gaban goshi. Ya yi imani direba da bakanike duk kansu a haɗe yake, su cire kayan asali su sa na banza. Saboda haka ya sayi jan fenti, ya bi duk abin da ke ƙarƙashin bonet ya ɗiga masa alama. Kowace Asabar da safe sai ya sa tabarau, ya buɗe bonet ya bi alamomin ɗaya bayan ɗaya, Ɗanlarai na tsaye a gefe da tsumma a hannu. Bai taɓa samun ko noti ɗaya ya ɓata ba, kuma bai taɓa buɗe baki ya ce madalla ba.

A shekarar 2012 motar ta ɗauko wani mugun hali. Tana tafiya lafiya lau, amma da zarar Ɗanlarai ya ɗaga ƙafa daga totur zai rage gudu, sai ka ji tau! daga salansa, kamar an harba bindiga. Ita kuwa shekarar kowa ɗar-ɗar yake yi saboda tashin bama-bamai. An kafa shinge a bakin masallaci, a bakin coci, a bakin kasuwa, ana buɗe but ɗin kowace mota. Kuma daidai wurin shingen ne dole direba ya rage gudu.

Alhaji ya ce ƙafar Ɗanlarai ce ta tsufa. Bakanike biyu suka canja fulogi, suka wanke kafireto, ba abin da ya sauya. Wata Juma'a Ɗanlarai ya kai ta wurin Zakka, wani dattijon bakanike da ke da rumfa kusa da barikin Shadawanka, wanda ya daɗe yana taɓa irin waɗannan motoci na waje.

Zakka bai ko kalli fulogi ba. Ya bi wani siririn bel da yatsa har zuwa wani ɗan famfo a gefen inji. Ya yi wa Ɗanlarai bayani cewa motocin can ana sa musu wannan famfon ne don ya hura iska cikin bututun hayaƙi, ta ƙone ragowar man da inji bai cinye ba, hayaƙi ya ragu. Akwai kuma wani bawul da aikinsa ke nan, in direba ya saki totur, ya karkatar da iskar waje na ɗan lokaci. Ya sa Ɗanlarai ya taka totur ya saki, shi kuma ya tara tafin hannunsa a bakin bawul ɗin. Ko huci bai ji ba. Ya zare ɗan tiyon da ke shiga bawul ɗin, ya sa a baki ya zuƙa, iska ta yi ta zuwa ba tsayawa. Ya tofar da yawu ya ce robar ciki ta yage. Iska na haɗuwa da ɗanyen mai cikin bututu mai zafi, shi ne harbin.

Irin bawul ɗin babu shi a Bauchi, da wuya ma a same shi a Jos. Zakka ya cire bel ɗin, ya toshe tiyon, famfo ya huta. Suka zaga har hanyar Ningi suka dawo, mota tsit. Ɗanlarai ya ji daɗi har ya manta bel ɗin a kan bencin Zakka, kuma da ya mayar da motar gida bai tarar da Alhaji ba.

Da safe ya iso ya tarar bonet a buɗe, maƙwabta uku da suka zo gaisuwa suna tsaye.

"Ina bel ɗina?" in ji Alhaji.

Ɗanlarai ya durƙusa ya fara bayani, famfo, bawul, roba. Alhaji bai bari ya kai ƙarshe ba. Ya juya ga maƙwabtan ya ce su zama shaida, yau Allah ya toni asirin ɓarawon da ya riƙe shekara ashirin da bakwai. Ɗanlarai ya hau acaɓa ya je ya ɗauko bel ɗin, ga jan fentinsa nan raɗau. Alhaji ya ce ai dole ya dawo da shi tunda an kama shi. Ya ce a mayar da komai yadda yake, yau ɗin nan.

Zakka ya ƙi da fari. Ya ce wannan ganganci ne, a irin wannan lokaci mota mai harbi kashe mutum za ta yi.

"Zakka, ka taimake ni," in ji Ɗanlarai. "In ba a mayar ba, ɓarawo nake."

Aka mayar. Kwana uku yana lallaɓa ƙafarsa, yana sakin totur a hankali tun daga nesa da kowane shinge. Ran Talata ya ɗauki Hajiya Yagana, matar Alhaji, zuwa kasuwa. Daf da shingen da 'yan kasuwa suka kafa, wani ɗan acaɓa ya gitta masa, ya ɗage ƙafa da sauri. Motar ta harba.

Mutane suka watse, tire da kwanduna suka zube. Da suka ga ba wuta ba hayaƙi, sai suka dawo, kuma kunyar gudun da suka yi ta ƙara musu haushi. Mata masu sayar da kayan miya suka gane Hajiya suka janye ta. Shi Ɗanlarai ba wanda ya gane shi. Mutanen suka finciko shi ta taga, suka rufe shi da katako da duwatsu, yana cewa salansa ce, salansa ce, ba mai ji. Kafin wani ya buɗe but ya ga kwandon cefane ne kawai a ciki, sun riga sun karya masa ƙugu da ƙafar dama.

Watansa biyu a asibiti. Alhaji bai zo ba, sai dai ya aiko maigadi ya karɓi makullin mota. Zakka ne ya zo da lemo a leda, kuma shi ya ba shi labarin cewa mako ɗaya bayan abin, Alhaji da kansa ya kawo motar, ya tsaya a kansa aka cire bel ɗin, ya naɗe shi a jarida ya tafi da shi. Zakka ya ce wa Alhaji ashe dai Ɗanlarai gaskiya ya faɗa. Alhaji ya ce gyara ya kawo shi, ba wa'azi ba.

Ƙafa ta warke a karkace, tuƙi ya ƙare. Wannan Ɗanlarai ya haƙura da shi, ya ce ƙaddara ce. Amma akwai masu neman auren babbar 'yarsa Khadijatu, sun je bincike gidan Alhaji kamar yadda aka saba, aka ce musu an sallami Ɗanlarai ne saboda ɗauke-ɗauke. Daga ranar suka ɗauke ƙafa. Khadijatu kuwa ta daina zuwa Islamiyya. Wannan kam ya ci masa rai.

Ya dogara sanda ya je ƙofar Alhaji bayan la'asar, lokacin da dattawan unguwa ke zaune a kan tabarma, har da ukun nan na ran Asabar. Da ƙyar ya iya durƙusawa.

"Ranka ya daɗe, ba aiki na zo nema ba. Magana ɗaya nake roƙo, a gaban bayin Allah nan. Ka faɗa musu ban taɓa ɗaukar maka komai ba."

Alhaji ya dube shi, ya dubi sandar, ya ja carbi. Ya yi murmushi irin na mai tausayi.

"Haba Ɗanlarai. Abin da ya wuce ai ya wuce. Je ka, na yafe maka duniya da lahira."

Dattawa suka ɗauka da sa albarka, Allah ya saka wa Alhaji, irinsa sun yi ƙaranci a zamanin nan. Ɗanlarai ya buɗe baki, wani tsoho ya dafa masa kafaɗa ya ce kada ya ɓata alheri da musu, ya yi godiya mana. Duk suka zuba masa ido suna jira.

Ya ce ya gode. Sannan ya lalubi sandarsa, ba wanda ya kama shi ya tashi.