Hoton Shagon Hindawiyya

Ana idar da sallar asuba muka bar unguwar Waziriyya a Jidda, ni da ƙanen matata, muka nufi filin jirgi za mu Indiya. A jakata akwai dabino da turare, a cikina kuma akwai maganar da na daɗe ina ɓoyewa. Shekara goma sha tara muna ɗinki a shago ɗaya a unguwar Hindawiyya da wani Ba'indiye da kowa ke kira Mu'allim, har ciwon ƙafa ya mayar da shi ƙauyensu a Kerala. Duk wayar da muka yi sai ya ce in turo masa hoton shagon. Ni kuwa na kasa gaya masa an rushe layin gaba ɗaya. A wurinmu irin wannan labari ba a ba da shi ta waya.

Da muka sauka a birnin Kalikut muka hau jirgin ƙasa, ana ta zuba ruwan sama, ga kore ko'ina har ido ya gaji. Kuɗin shayi ɗaya na Jidda ya shayar da mu biyu, har da soyayyar ayaba. Ƙanen matata ya ci shinkafa a kan ganye yana waige-waige, wai kada wani ɗan unguwar Bagadadiyya ta Jidda ya gan shi.

A garin da jirgin ya ajiye mu aka ce bas sau biyu yake shiga ƙauyen, safe da yamma. Surukin Mu'allim ya tarbe mu ya kai mu gidansa. Nan kunyar Bahaushe ta cuce ni: ana ƙaro kifi ina cewa madalla, na kasa buɗe baki in ce za mu tashi, har bas ɗin yamma ya wuce. Masu keke mai ƙafa uku suka ce ruwa ya cinye hanya, ko nawa za a ba su ba za su je ba. Kwana biyun da na ware wa Mu'allim suka koma wuni ɗaya. Haushin kaina ya ishe ni.

Da safe bas ya bi ta cikin itatuwan kwakwa yana nishi, yana tsayawa duk inda aka ɗaga hannu. Ƙauyen gidaje ne manya masu fenti, amma mata da tsofaffi da 'yan makaranta kawai muke gani. Mazan duk suna Jidda da Dubai.

Mu'allim yana zaune a baranda, ya rame. Da ya gan ni ya ce, "Ya sadiƙi, ka yi furfura." Muka yi ta hira da Larabcinmu na shago, ina ta kewaye-kewaye har la'asar ta kawo kai. Sai na daure na ce, "Mu'allim, maganar shagon nan..."

Ya ɗaga hannu. "Halas, shi ke nan, na sani. Kowane gida a nan yana da ɗa a Jidda. Ka ɗauka labari ma bas yake jira?"

Na ce to me ya sa yake tambayata hoto.

"Na ɗauka kana da tsohon hoto. Na fara manta launin ƙofar."

Ba ni da shi. Shekara goma sha tara, ba wanda ya taɓa tunanin ɗauka. Na ce masa shuɗiya ce, ya ce a'a, koriya. Muna wannan musu bas ya yi oda, na tashi ban ƙoshi da ganinsa ba.

Washegarin da muka dawo Jidda na je Hindawiyya, na tsaya a filin ina lalube da ido, ko gurbin layin ban gane ba. Tafiyar ta koya mini cewa abin da kake gani kullum shi ne ba ka kallo. Kewar mutumin nan tana damuna, kuma har yau ban tabbata wanne ne cikinmu ya faɗi daidai ba.