Indararo na Tsakiya

Shekarar da aka ja famfo zuwa unguwarmu, 'yan ga-ruwa suka jingine garwayensu, a shekarar aka rushe masallacinmu na unguwar Sa'alaba. Ina dako a kasuwar Bab Makka a lokacin, ina da 'ya'ya biyu.

Ƙaramin masallaci ne. Iyayenmu da suka zo hajji da ƙafa suka zauna, su suka gina shi da dutsen teku, farin nan mai ramuka da ake sarowa a bakin ruwa. Dutsen ba shi da ƙwari. Sai an jera 'yan sahu an shimfiɗa katako a kai kafin a ci gaba, shi ya sa bangon yake da ratsi-ratsi. Babu hasumiya, matakala ce a gefe ladan ke hawa. Kafin kowane azumi mukan shafe shi da farar ƙasa, iskar teku ta cinye kafin wani azumin. A bangon baya akwai indararo uku na itace, suna kallon maƙabarta.

A ƙasar nan ba a rubuta suna a kan kabari, ba a kuma gina shi. Dutse ne kawai a wajen kai, duk iri ɗaya. Sai muka riƙa gane mamatanmu da jikin masallacin. Wannan nasa yana daidai taga, wancan nasa yana bayan mihrabi. Babana yana daidai indararo na tsakiya, sahu na biyu daga bango. Shi ya sassaƙa indararon da hannunsa tun kafin a haife ni.

Mata ba sa shiga maƙabarta. Ranar Juma'a Inna kan tsaya a waje, inda katanga ta ɗan zube, ta hango indararon ta yi addu'a, ni kuma in shiga in yayyafa ruwa. Ni ne ɗan fari, ba ta kiran sunana. In na fito takan ce, "Kai wannan, gefen Malam yana nan babu kowa?"

"Yana nan, Inna."

"To ka riƙe mini. Kada a kai ni wani wuri."

Tsohon ladanmu, wanda shi ke kula da maƙabartar, yakan tsokane ta. "Hajiya, a can ma ba za ki bar bawan Allah ya huta ba?"

"Shekara nawa yana hutawa? Ya isa haka."

Sai wani attajiri ya ɗauki nauyin sabon masallaci na siminti, sadaka. Mun yi murna, don rufin tsohon yana yoyo. Aka kange maƙabartar da kwano har aka gama aiki, ba a taɓa kabari ko ɗaya ba. Mu da muke murna, babu wanda ya tuna ya kafa wata alama a ƙasa kafin a sauke bangon.

Sabon ginin ya fi tsohon faɗi. Magina sun gyara alƙibla, bangon baya ya ɗan karkace. Ruwan rufi ta cikin bututu yake sauka, babu indararo. Ruwan sama mai ƙarfi da aka yi ana cikin aikin ya baje tudun kaburburan, ya gangarar da duwatsu.

Ranar da aka cire kwanon, na shiga tare da ladan neman kabarin Baba. Na nuna wani wuri, ya ce a'a, nan taga take. Ya nuna nasa, ni kuma na ga ya yi kusa da kwana. Muka yi ta kai da komo har rana ta yi zafi. Ya zauna a ƙasa ya ce, "Halas, ya waladi, shi ke nan ɗana. Allah Ya san inda Ya ajiye bawansa."

Inna tana waje, jikin sabuwar katanga da ta fi ta tsawo.

"Ina indararon?"

"An cire, Inna."

"To Malam fa?"

"Yana ciki. Amma ban san inda yake ba."

Ta gyara mayafinta ta kama hanyar gida. Ba ta sake zuwa ba.

Da ta rasu bayan shekara ta zagayo, na roƙi ladan a haƙa mata a tsohon ɓangaren, ko da kintace ne. Ya ƙi, ya ce yana tsoron a buɗe kabarin wani. Ban ga laifinsa ba. Aka kai ta can ƙarshe, jikin katangar titi.

Abin da ya tafi: indararo uku, taga ɗaya, matakalar ladan, kabarin Baba, da wurin da Inna ta ce in riƙe mata.