Randar Mma Hamamatu

"Ai Musah ya biya," in ji Mma Hamamatu. "Kar ki ce na ce bai biya ba. Har zanen da ake ɗorawa a kai ya kawo."

Da Zaratu, maƙwabciyarta, take magana. Ta zo ne neman a biya wa ɗanta Alidu kuɗin makarantar midil, domin in Litinin ta wuce an cire sunansa. Ni ina kan benci da kwanon kokona.

Mma Hamamatu ta zo Kumasi daga Salaga tun tana amarya, mijin ya rasu, ta kafa tukunyar koko da ƙosai a ƙofar gidanta, bakin hanyar Asawase. Banki ba ya sauraron ɗan Zongo, sai ta zama ita ce bankin. Takan biya wa yaro kuɗin boko, in ya sami aiki ya maido, ya ɗora mata zane ɗaya. Ta yi wa da yawa, ba ta taɓa asara ba.

Musah ne ya fi shiga ranta. Maraya ne, a gindin murhunta ya yi karatunsa, ita ta biya masa. Bara ya gama, aka ɗauke shi duba-gari, wanda a nan muke kira tankas. Ta yi murna, ta ce yanzu tana da mutum a gwamnati.

Jiya ya zo da farin wando da ludayi, wani babbansa na biye da shi. Gidanta ya fara shiga. Bai gaishe ta ba. Ya tsoma ludayin a randar da ya sha ruwanta tun yana yaro, ya ɗaga a rana, ya nuna wa babban nasa 'ya'yan sauro. Ya tambayi sunanta da Turanci, ya ba ta sammaci.

"Kin ji, Zaratu, sunana Musah ya tambaya. Wai a faɗa masa sunana."

Ta tofar da yawu gefe. Zaratu ta yi ta rantsuwa cewa Alidu ba haka yake ba, yaro ne mai kunya. Mma Hamamatu ta ce Musah ma a da ko ido ba ya iya haɗawa da ita.

"In ɗinki zai koya, ki kawo shi, in saya masa almakashi. Boko kam na gama."

Zaratu ta tashi ta tafi. Mma Hamamatu ta karkata randar, ruwan ya bi kwata, ta ɗauki bokiti ta nufi famfo.