Musun Auta

A gidanmu na Birni ba a yi wa babba musu. Mahaifinmu baduku ne, kuma ko ya ɗaga fatar akuya ya ce ta tunkiya ce, sai dai ka ce to. Mu shida muka tashi a kan haka, sai autanmu, wanda na girma da shekara goma sha huɗu, ya zo duniya da bakinsa a buɗe. Bai taɓa ce mini ƙarya nake ba, wannan kam ko shi bai isa ba. Dabara ya yi. Ya ɗauko kalmar Faransancin nan da malaman lakwal, wato makarantar boko, ke rubutawa da jan alƙalami a gefen lissafin da bai fita ba, ya mayar da ita tasa. Ina cikin ba da labari a tsakar gida sai in ji daga bayana: “Fo ne, Yaya.” A kunnen Inna wannan karatu ne, ba rashin kunya ba, don haka bai taɓa shan duka a kai ba.

Ni aikin biro, wato ofis, na yi duk rayuwata. Na fara da mashin ɗin buga takarda, irin wanda in ka kuskure harafi ɗaya sai ka zare takardar ka sake daga fari, shef, shugaban biro, yana tsaye a kanka yana duba agogo. Da aka kawo mana ordinatar ta farko, wato kwamfuta, ma'aikata suka lulluɓe ta da zani kamar amarya, kowa na tsoron taɓa ta. Ni na yaye zanin. Ba ƙarfin hali ba ne, na ga dai haruffanta suna zaune daidai inda yatsuna suka san su. Daga ranar na zama bokan biro. Injin fitar da takarda ya cije, a kira ni. Wani ya nemi wasiƙar da ya rubuta jiya ya rasa, a kira ni. Sau da yawa aikin bai wuce in kashe in kunna ba, amma sai na ɗaure fuska na daɗe ina kallon gilashin tukuna. Ina son girman nan, ba zan ɓoye ba.

Muna da fada a bakin lungunmu, inda muke shan shayi bayan la'asar. Shekaru suka watsa mu. Wani ya tafi Yamai, wani kasuwanci ya kai shi Agadas, wani ɗan kawunmu ya koma noma a Garagumsa. Sai wani tsohon malamin lakwal a cikinmu, wanda duk muke kira Mushe, kamar yadda ake kiran malamai da Faransanci, ya buɗe mana gurup a waya don kada zumunci ya mutu. Gaisuwa ta yi kwana biyu, daga nan gardama ta karɓi wurin. Wace waya ta fi riƙe caji. Ko ordinatar ce ta lalata matasan ma'aikata, har ba mai iya rubuta takardar neman hutu da hannunsa. Manominmu na Garagumsa kullum maganarsa ɗaya: wayarsa mai maɓalli tana sati ba caji, tana da tocila, ta faɗa rijiya an ciro ta tana ringin, mu kuwa muna yawo da faranti a aljihu muna neman inda za mu jona. In aka zo batun ordinatar, nawa ne na ƙarshe. Mutum ɗaya ne kawai ke iya tsayawa a gabana: Auta, domin shi ma yana cikin gurup ɗin.

Auta ya shiga soja, ɓangaren sadarwa, aka tura su can gabas. Ba ya faɗin inda yake, mu ma ba mu tambaya. Amma abin da ya fi ci mini rai, ba ya amsa gaisuwa. In na rubuta masa “Lafiya kake?” sai in yi kwana uku ina kallon saƙon. Da ya zo hutu na yi masa faɗa sosai, ya sunkuyar da kai ya ce, “Yaya, in kun tambaye ni lafiya, me zan ce? In na ce lau, ƙila kafin ku karanta ba haka ba ne.” Ban ji daɗin amsar ba, ban kuma sake tayar da zancen ba.

Inna ta tsufa, idonta ya yi rauni. Kowace safiya kafin in wuce biro nakan biya ɗakinta in gaishe ta, tambayarta kuma ba ta canzawa: “Ya yi magana?” In na ce a'a, sai ta ce to, ta jawo carbinta. Wannan “to” ɗin nake ɗauka a ƙirjina har in tashi daga aiki.

Wata rana, Auta ya kwana tara shiru, wani a gurup ya tambaya ko takardar da aka goge daga kwandon sharar ordinatar tana dawowa. Na amsa da cikakken iko cewa ta tafi har abada, sai dai a yi mata addu'a. Da gaske nake, haka na sani. Ban gama shan kunun safe ba sai ga vokal, saƙon murya na minti huɗu. “Fo ne, Yaya! Wa ya gaya maka? Shekara nawa kana zaune gaban na'urar nan?” Ya zayyano yadda ake dawo da ita dalla-dalla, iska na kaɗawa a bayansa, wani na tari can nesa. Ya tsinka ni a gaban mutum ashirin. Ni kuwa na tashi da gudu, takalmi ƙafa ɗaya, na kai wa Inna wayar. Ta saurara har ƙarshe ba ta gane ko kalma ɗaya ba, ta ce, “Yaron nan ba ya ganin girmanka.” Sannan ta ƙara da cewa, “Sake sa mini.”

Ranar na gane inda maɓallin ƙanena yake. Gaisuwa zai iya haɗiye ta, amma kuskure ba zai kwana a gabansa ba.

Sai na shiga sana'ar ƙarya, kuma sana'a ce mai son hankali. In ta yi girma da yawa, ƴan gurup za su riga shi gyarawa, ya ga ba sauran aiki. In ta yi ƙanƙanta, ya wuce ta. Dole ta zama irin wadda Mushe zai gyaɗa kai ya yarda, amma ta hana Auta sukuni. Nakan zauna a biro da rana, takardun mutane na jirana, ina saƙa ta a raina. Na ce ordinatar da ake sayowa daga Kano, masu haruffa a jeren Ingilishi, ba su iya rubuta Faransanci ko za ka mutu a kansu. Na ce waya mai ido uku a baya ta fi jan rezo, wato ta fi kama layi. In shirun ya kai sati sai in jefa ɗaya, kwana ɗaya ko biyu sai ka ji “Fo ne, Yaya,” in kai wa Inna. Girmana na raguwa kaɗan-kaɗan, ina gani, ban damu ba. Ban taɓa jin daɗin a ƙaryata ni kamar a watannin nan ba.

A lokacin ne gurup ya kamu da zancen makamai. Ana ta turo hotunan yaƙe-yaƙen ƙasashe masu nisa, kowa ya zama janar a kan tabarmarsa. Mushe ya ce makami mai linzami tauraron ɗan Adam ne ke nuna masa hanya. Na Agadas ya rantse mutum ne zaune gaban gilashi yana tuƙa shi. Manomin Garagumsa ya tambaya ko waɗanda suka ƙera abin da ke gano taga ɗaya daga bayan teku ba za su taimaka su ƙera wanda zai gano tsuntsayen da ke cinye masa gero ba. Muka yi ta dariya. Da fari Auta yana shiga, yana gyara wa kowa, har da zane a takarda ya ɗauka ya turo. Daga baya ya rage. Sai kuma ya yi ɗif.

Sati ya wuce. Na jefa ƙaryar caji, shiru. Na jefa ta ordinatar, Mushe ne ma ya gyara mini. Sati biyu. Inna ta daina tambaya da baki, sai dai in na shigo ta juyo da fuskarta wajen aljihuna. Ina ce mata rezo ne, can ba su da rezo. A sati na uku hankalina ya tashi, na watsar da duk ƙa'idar da na kafa wa kaina. Na yi vokal da muryata, na ce na bincika na tabbatar makami mai linzami ƙarar waya yake bi, kuma in mutum ya sa wayarsa a jakar jar fata ta Damagaram, irin wadda mahaifinmu ke ɗinkawa, makamin zai wuce ta kansa bai gan shi ba. Na faɗa da muryar shef. Na san in Auta yana da rai da yatsa ɗaya mai motsi, ba zai bar wannan ta wuce ba.

Gurup ya yi mini ca. Na Yamai ya ce a ba ni ministan tsaro. Na Agadas ya ce in aiko masa da jaka dozin. Mushe ya kira ni a keɓe ya ce, “Malam, lafiya dai? Ko hawan jinin ne?” Na ce lafiya lau. Ban iya gaya masa dalili ba, domin in na faɗa da baki, abin da nake tsoro ya zama magana ke nan. Akwai ɗan biro ɗinmu a gurup ɗin. Washegari injin fitar da takarda ya cije, ina zaune ina ji, suka wuce teburina suka kira wani. Na ji zafin wannan, amma ba shi ya hana ni cin abinci ba. Wayar na ajiye a gaban ordinatar ina kallo daga safe har aka tashi.

Amsar ba ta zo ta gurup ba. Wata lamba ce da ban sani ba ta kira ni da hantsi, wani mutum mai ladabi ya tambaya ko ni ne yayan Auta. Ya ce yana da rai. Ya maimaita sau biyu, Allah ya saka masa, kafin ya faɗi sauran. Yana kwance a asibiti, ƙafa ta samu rauni, kunne ɗaya ya tafi. Biyu daga cikin waɗanda suke mota ɗaya ba su tashi ba.

Bayan wata biyu aka kawo mana shi. Inna ta shafa fuskarsa da hannu biyu tana kuka tana godiya. Ƴan uwa suka zo daga garin Dogo da kaji da gyaɗa. Na ce a raina shi ke nan, Allah ya gama mana komai.

Ya zauna a zauren gida, sandarsa a jingine, wayarsa a kife a kan tabarma. Yana gaishe da kowa, yana cin abin da aka ba shi, ba ya ƙorafi. Na bari ya huta sati biyu, sannan wata yamma na zauna ta gefen kunnensa mai ji, na ce, “Auta, ka san ordinatar in ta daɗe a kunne haruffanta suna gajiya?” Ya dube ni ya ɗan yi murmushi.

“Haka ne, Yaya.”

Na ɗauka bai ji ba, na ɗaga murya na sake. Ya ce haka ne. Na tambaye shi ko ya saurari abin da na turo a gurup lokacin da yake can. Ya ce ya ji su duka a gadon asibiti, har da na jakar fata.

“To me ya hana ka gyara mini?”

“Ba komai, Yaya. Ka kyauta.”

Mutane suka ce Auta ya yi hankali, soja ta koya masa ladabi. Raina na ɓaci in na ji wannan. Na yi shekara talatin ina fatan yaron nan ya rufe mini baki, ga shi ya rufe, ni kuma ina bin sa da ƙarya kala-kala kamar mai talla. Na gwada ta waya, na gwada ta mota, har ta kwanan watan haihuwarsa na gwada. Komai haka ne. Ta makami kaɗai ban ƙara yi ba, ko a gurup in an fara sai in kife wayata.

Bayan damina aka yi biki a lungun bayanmu. Na lallashe shi muka fita da la'asar, a hankali, sandarsa na nutsewa a yashi. Mun kusa wurin, ana kiɗa, mata na guɗa, sai mai ɗaukar hoton bikin ya tayar da ɗan jirginsa maras matuƙi, irin ƙananan nan da ke shawagi su ɗauki taro daga sama. Ƙugin ya biyo ta kan katanga. Kafin in ɗaga kai Auta ya saki sanda, ya fizgo ni da ƙarfin da ban san yana da shi ba, ya danna ni jikin bango ya rufe ni da jikinsa. Ina jin zuciyarsa na bugawa a bayana.

Na ce, “Auta, na hoto ne. Na masu biki ne. Abin wasa ne, ba ya komai.”

Gaskiya na faɗa, karo na farko cikin watanni. Ya sassauta riƙon, ya zame ya zauna a ƙasa, idonsa na sama. Da ya yi magana, ba da Faransancin lakwal ya yi ba, kuma ba tsokana a muryarsa.

“A'a, Yaya. Ba ka sani ba.”

Ga musun da na yi wata da watanni ina roƙo an ba ni, kuma da na san haka zai zo da ban roƙa ba. Na zauna kusa da shi a yashin. Mutane na wucewa da sababbin kaya suna gaishe mu, ina amsawa a madadinmu duka. Hannunsa na riƙe da wuyan hannuna har jirgin ya sauka, kuma ban taɓa kewar ƙanena kamar yammacin nan ba, yana zaune a gefena.